Wa Ya Kaɗa Kalangun?

Ga wata 'yar jarrabawa ga duk mai bugun ƙirji da sanin waƙar Hausa. Ya lissafo mana waƙoƙin Alhaji Mamman Shata guda goma. Wannan ba wuya, ko yaron da aka haifa bayan rasuwar Shata a 1999 zai iya kawo biyar. To, yanzu ya faɗa mana sunayen mutum uku daga cikin waɗanda suka rataya kalangu a bayansa, suna kiɗa suna amshi shekara da shekaru. A nan za a ji tsit. In an yi sa'a, a sami wani dattijo ya tuno suna ɗaya ko biyu, su ma don an taɓa ambatarsu a cikin waƙa ne. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a nan Zariya, kuma ya cancanta. Sai dai ba da baki kaɗai ya hau wannan matsayi ba. A cire kalangu daga kowace waƙarsa a saurara, a ji abin da zai rage.

Maganarmu ɗaya ce, kuma ba za mu yi ta kewaye-kewaye ba. Makaɗi ma'aikaci ne mai sana'a, kamar magini da maɗinki, saboda haka aikinsa yana da farashi, sunansa kuma yana da haƙƙin zama a kan abin da hannunsa ya yi. Makaɗi kuma malami ne, domin abin da ke kansa ilimi ne da ake ɗaukar shekaru ana koyo, wanda in bai koyar da shi ba zai bi shi kabari. Al'ummar da ba ta iya naɗin sarauta ko hawan sallah ko bikin aure sai da shi, sannan ta hana shi suna da tsayayyen lada da wurin koyarwa, ta ci haƙƙinsa. Mun zaɓi mu ɗora maganar a kan birnin Zariya ne saboda nan aka fi taƙama da ilimi, nan ne kuma uzurin rashin sani ba zai karɓu ba.

Mu fara da aikin da makaɗi ke yi a cikin ganuwa. A al'adar fadar Zazzau akwai sara, kiɗan da ake yi a ƙofar fada ran Alhamis da dare, wanda ke shaida wa gari cewa sarki yana nan bisa gadonsa. Akwai tambari, wanda ba a buga wa kowa sai sarki. Akwai jauje da banga, ga kakaki da algaita a wajen masu busa, kuma masu riƙe da su suna da sarautunsu na gado, irin su Sarkin Makaɗa da Magajin Banga da Sanƙira. A wajen fada ma kowace sana'a da gangarta. Kalangu na mahauta ne tun asali, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma ranar gayya, talle na mafarauta da 'yan tauri. Kafin lasifika da rediyo su zo, ganga ce ke gaya wa mutanen Kwarbai da Juma da Kaura cewa ga abin da ya faru. Wanda ya ɗauki wannan duka a matsayin hayaniya bai taɓa tsayawa ya saurara ba.

Hausa harshe ne mai karin sauti. Kowace gaɓa tana da karin sama ko na ƙasa ko mai faɗuwa, kuma akwai doguwar gaɓa da gajeruwa. Kalangu yana magana ne ta wannan hanya. Makaɗi ya matse tsarkiya a hammatarsa, fata ta ɗame, sauti ya hau. Ya sassauta, sauti ya sauka. Da hammata da gula da yatsun hannu yake fitar da take, wato jimlar da ganga ke faɗi ba tare da baki ba. Kowane basarake da takensa, kowace sana'a da nata, ɗan dambe ma da nasa, wanda in ya ji shi tsigar jikinsa ke tashi. Ƙwararren makaɗi yana riƙe da tarin take a ka, ya san na wa ne, ya san lokacin da za a kaɗa shi da lokacin da kaɗa shi zai zama cin fuska. Abin da ɗalibin nazarin harshe ke zana wa alamomi a allo a Samaru, makaɗin birni yana aiwatar da shi da hannu tun kafin a kafa jami'ar a 1962.

Ilimin nasa bai tsaya ga harshe ba, har da tarihi. Sarautar Zazzau tana zagaya gidaje huɗu ne: Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Makaɗin fada ba shi da damar ya haɗa zuriyar wannan gida da ta wancan, ko ya kaɗa wa wani kirarin kakan da ba nasa ba. A 2020, bayan rasuwar Sarki Shehu Idris wanda ya yi shekara 45 a kan gado, sarauta ta koma gidan Mallawa da naɗin Sarki Ahmed Nuhu Bamalli, kimanin shekara ɗari bayan saukar Sarki Aliyu Ɗan Sidi. Shekara ɗari ta isa a manta da abu da yawa. Irin wannan ajiya, ta wane ya haifi wane da abin da ake kaɗa wa kowanne, a gidajen makaɗa da maroƙa take kwana, daga uba zuwa ɗa, ba tare da albashi ko fansho ba. Da a cikin kundi take a rubuce da larabci, da tuni an sa ta a gilashi ana kiran taro a kanta.

Hanyar koyon ma makaranta ce sosai, ko da babu allo. Yaro yana farawa ne da ɗaukar kaya da zama kusa da manya yana sauraro. Daga nan a ba shi kuntuku, ƙaramar gangar da aikinta riƙe zangon kiɗa, ya yi ta bugu ɗaya har hannunsa ya daina rawa. In ya nuna kunne, a matsar da shi ga ɗan karɓi, sannan daga baya ya rataya babban kalangu. A tsakanin nan zai koyi zaɓen kango wajen masassaƙi, da gyaran fatar akuya, da ɗaure tsarkiya, da yadda sanyin damina ke kashe muryar ganga da yadda ake farfaɗo da ita. Zai koyi amshi, ya koyi karanta fuskar mawaƙi don ya san inda zai sassauta da inda zai zafafa. Wannan manhaja ce mai matakai, mai jarrabawa a gaban jama'a, inda kuskure ɗaya ke sa taro ya juyo ya dube ka. Abin da ta rasa kawai shi ne wanda zai yarda ya kira ta da sunanta.

Abin takaicin shi ne baƙi sun riga 'yan gida gane haka. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, ya buga nazari a kan roƙo a 1957, ya kuma nuna yadda ake ajiye makaɗa da maroƙa a matakin ƙasa na daraja, tare da mahauta. David Ames ya zauna da makaɗan Zariya a 1963 zuwa 1964, sannan shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. An buga shi da turanci, a Amurka. Jikan makaɗin da ya zauna ya bayyana wa Ames sunan kowane sashe na gangarsa, in yana son ya karanta abin da kakansa ya faɗa, sai ya nemi littafin da ba a harshensa aka rubuta ba, wanda kuma ba zai same shi a kasuwar birni ba. Manazartanmu sun yi aiki babba daga baya. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a 1975, Sa'idu Muhammad Gusau ya tara tarihin makaɗa da mawaƙa masu yawa. Amma yawancin nazarin da ake yi a sassan harsuna yana bin baitin mawaƙi ne, da salo da jigo da zubi. Hannun da ke riƙe da waƙar ya koma layi ɗaya a gabatarwa: ana yi masa kiɗa da kalangu.

Me ya sa ake raina shi? Saboda kalma ɗaya, roƙo. An haɗa gwanin da ya yi shekara ashirin yana koyon sana'a da wanda ya iya ɗaga murya kawai, an rufe su da bargo guda. Amma a tuna yadda tsarin yake a da. Makaɗi yana da ubangida, kuma a kan ubangida akwai nauyi: gida, hatsi, riga, doki, da ɗawainiyar aure da suna. An ƙasƙantar da shi a daraja, amma an ɗauke masa yunwa. Ciniki ne mai ɓangare biyu, ko da ba na adalci ba ne. Sai zamani ya juya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa fitar da baitulmalin En'e daga hannun sarakuna, hakimai suka koma 'yan albashi, attajirin yau kuma bai ga dalilin da zai riƙe gidan makaɗa ba. Ɓangaren ciyarwa ya faɗi, ɓangaren raini ya tsaya daram. Abin da makaɗin yau ya gada ke nan: rabin yarjejeniya, kuma rabin da ba ya ƙoshi.

A dubi yadda ake biyansa a biki. Mai biki ya yi ciniki da mai rumfa, da mai kujeru, da mai girki, da mai hoto, kowa da kuɗinsa a yanke, wasu har da kafin alƙalami. Makaɗi kuwa sai a ce masa ya zo, abin da Allah ya ba shi a fili shi ke nan. Wato ladansa yana rataye ga liƙi, ga yanayin aljihun baƙi da son nuna isarsu. In an yi ruwa, ko taro bai cika ba, ya koma gida da gumi. Wani abin mamaki ma, dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta liƙa naira a wajen biki, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma a 2024 an ga hukuma tana gurfanar da mutane a kan haka. Hanya ɗaya tilo da aka bar wa makaɗi ya ci abinci, ita ce doka ta ce laifi ce. Wace sana'a ce za ta rayu a haka?

Abin da aka tara ɗin ma, ba hannunsa yake fara shiga ba. Mawaƙi ne ke karɓar kyauta, da sunansa ake ba da mota ko kujerar Makka, shi ne kuma ke rabo yadda ya ga dama. Gaskiya ne akwai shugabannin kiɗa da suka yi wa yaransu aure, suka kai su aikin hajji, Allah ya saka musu. Amma kyautatawa daban, haƙƙi daban. Abin da aka ba ka don an ga dama, ana iya hana ka ran da aka ga dama. Ran da mawaƙi ya rasu kuwa, ƙungiya ta watse, faifansa ya ci gaba da yawo a rediyo da wayoyi, makaɗansa su koma neman na cefane. Mata ma ba su tsira ba. Kowa ya san Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, amma matan da suka zauna a gaban ƙwarya suna kaɗa mata amada har hannuwansu suka yi kanta, wa ya rubuta sunansu? Hausawa sun daɗe da yi wa wannan hali karin magana: kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Situdiyo ta zo ta ƙara wa abin gishiri. Daga shekarun 1990, lokacin da finafinan Hausa na bidiyo suka kafu a Kano, fiyanon Yamaha ya zama shi ne ƙungiyar kiɗa gaba ɗaya, daga baya kwamfuta ta karɓa. Mutum ɗaya a ƙaramin ɗaki yana fitar da sautin da a da sai an tara mutum shida. In mawaƙin zamani ya so ɗanɗanon gargajiya, sai a kira mai kalangu ya kaɗa na 'yan mintoci, a sallame shi da abin da bai taka kara ya karya ba. Sautin nan kuwa ya zauna a cikin na'ura ke nan. Ana iya yanka shi, a maimaita, a sa shi a waƙa ta biyu da ta goma ba tare da an sake neman mai shi ba. Waƙa ta hau YouTube, a rubuta sunan mawaƙi, da na situdiyo, da na mai ɗaukar hoto, wani lokaci har da na mai kwalliya. Gurbin makaɗi babu.

Wannan cuta ba a kanmu aka fara ta ba, kuma sanin inda ta kai wasu zai amfane mu. A 1969 Clyde Stubblefield ya kaɗa wa James Brown ganga a wani faifai mai suna Funky Drummer. Wani ɗan guntun kiɗansa na 'yan daƙiƙoƙi ya zama ɗaya daga cikin sautukan da aka fi yanka ana sawa a waƙoƙin duniya, an yi amfani da shi a waƙoƙi fiye da dubu, shi kuwa bai sami kason komai daga wannan ba har ya rasu a 2017. Gregory Coleman, wanda aka yi wa kiɗansa irin wannan wawaso, ya mutu a 2006 ba shi da matsuguni. A nan gida, Tony Allen, makaɗin da ya gina ƙashin bayan kiɗan Fela Kuti, ya bar ƙungiyar a ƙarshen shekarun 1970, kuma batun biya yana cikin dalilansa. Bambancin shi ne can an yi ta faɗa har abu ya motsa. Makaɗan kamfanin Motown sun yi shekaru suna kiɗa a ɓoye kafin a fara buga sunayensu a bangon faifai a 1971. Makaɗan Amurka suna da ƙungiyar ƙwadago tun 1896, mai yanke mafi ƙarancin abin da za a biya wanda aka kira situdiyo. Ba tausayi ne ya ba su wannan ba, tsayuwa ce.

Mun san abin da za a ce mana, kuma ba za mu guje masa ba. Na farko a ce addini. Mu ba fatawa muka zo bayarwa ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Kitabul Farƙi ya soki sarakunan zamaninsa da shagala da kiɗe-kiɗe ba bisa dalili ba, ya kuma bar wa ganga gurbi inda akwai buƙata ta shari'a, irin tara runduna. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan iyakar abin. Wanda ya ɗauki fahimtar cewa kiɗa haramun ne, ya ƙaurace masa a gidansa da bikinsa da wayarsa, ba mu da rigima da shi, ya tsaya a kan abin da ya yarda da shi. Rigimarmu da wanda ke aika a kira makaɗi, a kaɗa masa take ya yi ta murmushi, sai an zo biya ko an zo neman auren 'yarsa sannan ya tuna da hukuncin kiɗa. Addinin da ya yi umarni a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe ba zai zama mafakar mai cin gumin wani ba. In aikin bai halatta ba, kar ka sa a yi maka. In ka sa an yi, ka biya.

Na biyu a ce zamani ne, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Ba mu da gaba da fiyano, kuma yaran da ke kwana a situdiyo suna haɗa kiɗa su ma makaɗa ne, su ma sau da yawa ana danne musu suna da lada, maganarmu ta haɗa da su. Amma na'ura ba ta ƙirƙirar take. Abin da aka zuba mata shi take mayarwa. Maɓallan fiyano suna da sautuka ƙayyadaddu, kalangu kuwa yana zamewa tsakanin sauti da sauti yadda muryar Bahaushe ke yi, yana jan lokaci ko ya gaggauta bisa numfashin mawaƙi. Ran da gwani na ƙarshe ya kwanta dama, abin da zai rage a kwamfuta shi ne 'yan guntayen da aka taɓa ɗauka, a yi ta juya su har kunne ya gaji. Mai situdiyon da ke da hangen nesa ya fi kowa buƙatar makaɗi ya rayu ya kuma haifar da magada.

Na uku a ce su makaɗan ne suka zubar da kansu, da cinkoso a ƙofar masu biki, da zambo ga wanda bai bayar ba, da bin 'yan siyasa. Akwai gaskiya a ciki. Amma mutumin da aka ce ladansa yana hannun wanda ya ga dama, dole ya koyi hanyar sa mutane su ga dama, da daɗin baki ko da kaifinsa. A yanke masa lada tun kafin ya fito daga gida a ga ko zai tsaya tare hanya. Su ma makaɗan muna da magana da su. Ɓoye sani don kar bare ya samu ya daina amfani, tunda 'ya'yan gidan da kansu suna barin sana'ar, suna kama acaba da kasuwanci, kuma ba wanda zai zarge su. Shata kansa ba ɗan gado ba ne, shigowa ya yi, ya kuma wuce 'yan gado da yawa. Gado kaɗai ba zai ƙara riƙe wannan sana'a ba. Dole a buɗe ƙofa ga duk yaron da ke da kunne da sha'awa.

Nan ne maganar koyarwa ta shigo, kuma ba sai mun je nesa neman misali ba. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa mai ɗauke da sunan Elhaji Taya, wadda aka buɗe a 1989. Malam Mamman Barka, malamin makaranta kuma gwanin gurmi, ya tafi yankin tafkin Chadi a 2002 da tallafin UNESCO ya zauna wajen Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe na biram, kayan kiɗan Buduma mai tsarkiya biyar. Da bai je ba, da biram ya tafi da mai shi. A Gana, tun farkon shekarun 1960 jami'ar Legon, ƙarƙashin jagorancin masana irin su Kwabena Nketia, ta ɗauki gwanayen ganga na gargajiya su koyar, kuma daga wannan tushe aka sami irin su Abraham Adzenyah da C. K. Ladzekpo da suka shafe shekaru suna koyarwa a jami'o'in Amurka. Mamady Keïta na Gini ya buɗe makarantar ganga a Beljiyam a 1991, yau ana koyon jembe a ƙasashen da ba su san inda Gini take ba. Kalangu bai gaza jembe da komai ba. Abin da jembe ya samu shi ne aji da malami mai albashi.

Zariya kuwa ta san yadda ake yin wannan, domin ta taɓa yi. Rubutun Hausa na boko bai tsaya da ƙafarsa don sa'a ba. A nan aka kafa hukumar talifi, a nan aka shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, a nan aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945. An ba marubuci ofis da albashi da injin ɗab'i, sai adabi ya tsiro. Tun kafin wannan ma, birnin ya nuna ya iya riƙe sunan mai sana'a. Maginin da ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, Muhammadu Durugu, an ba shi laƙabin Babban Gwani, kuma har yau kowane ɗan birni ya san sunan. Garin da ya yi wa magini haka, ya yi wa marubuci haka, da wane baki zai ce bai san abin da zai yi wa makaɗi ba?

Abin da muke nema ba shi da tsada. Mawaƙa da masu situdiyo da masu shirya fim su rubuta sunan duk wanda ya taɓa ganga ko fiyano a kan aikinsu, da abin da ya kaɗa. Su rubuta yarjejeniya, ko ta shafi ɗaya ce, mai faɗin nawa aka biya, kuma a waƙa nawa aka yarda a yi amfani da sautin. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta tanadi haƙƙin mai aiwatar da wasa, kuma makaɗi yana cikinsu, sai dai wanda bai san da dokar ba ba zai nemi komai da ita ba. Lauyoyinmu da ɗaliban shari'a na Kongo suna iya bayyana ta da Hausa a zauren makaɗa cikin yini ɗaya. Masu biki su yi ciniki da makaɗi yadda suke yi da mai rumfa, abin da baƙi suka ƙara ya zama ƙari. Makaɗan birni su haɗa kai su yanke mafi ƙarancin farashinsu, su kuma tsaya a kai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A wajen makarantu, akwai darasin al'adu da fasaha a manhajar firamare da ƙaramar sakandare. Maimakon malami ya zana kalangu a allo yara su haddace sunansa don jarrabawa, a kira mai kalangun ya shiga aji sau ɗaya a mako, a biya shi kamar kowane malami. Jami'a da kwalejojin horar da malamai na garin su buɗe gurbin mai koyar da sana'a wanda ba a tambayarsa digiri, tunda wanda zai ba shi digirin a wajensa zai koya. Masarauta kuma, wadda ta fi kowa cin moriyar tambari da kakaki, ta ware zaure guda inda gwanayenta za su koyar, a ɗauki kowane take a faifai, a rubuta ma'anarsa da mai shi da sunan wanda ya kaɗa. A 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, kowa ya yi murna. To amma hawa ba dawaki da rawuna kaɗai ba ne. Hawan Daushe ba tare da ganga ba jerin gwanon mahaya ne kawai.

Marubuta da masu karanta wannan mujalla su ma da nasu kason aikin. Gwanayen nan suna nan a cikin birni, tsakanin Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan, kuma yawancinsu sun manyanta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke da waya mai ɗaukar murya da yammacin Asabar guda yana iya zama gaban ɗayansu ya tambaye shi wa ya koya masa, wa ya koya wa wancan, nawa ne take a kansa, wane ne yanzu ba a kaɗawa. Ya rubuta, ya sa sunan dattijon a sama, nasa a ƙasa. Kuma kafin ya kunna na'urar, ya fara tambayarsa nawa ne kuɗin zaman, ya biya.